Gahawar Abu Fawwaz

Takardar ta iso ranar Talata da hantsi, kuma babu wani sabon abu a cikinta. Tun shekara uku da suka wuce Nidal, mai kula da shirin taimakon ɗalibai na kwaleji, ya san ranar da tallafin zai ƙare, don shi da kansa ya sa hannu a ƙasan yarjejeniyar. Duk da haka sai da ya sake karanta ta. Ƙungiyar da ke ɗauke da nauyin shirin taimakon ɗalibai za ta tattara nata-ya-nata ranar ƙarshe ta watan Maris, ta koma wani lardi. Sun gode masa a layi biyu, suka ce suna da yaƙinin kwalejin za ta ci gaba da abin da aka fara.

Shirin ba wani babba ba ne. Ɗaki ɗaya ne a bayan ofishin rajista inda ake maimaita wa ɗalibai lissafi da Turanci, sai kuma mota. Ɗakin bai dame shi sosai ba, malamai biyu sun riga sun ce za su riƙa leƙowa ko ba a biya su ba. Motar ce ta hana shi sukuni. Farar bas ce, tana fita bayan asuba ta gangara ƙauyukan kwari guda biyar, ta kwaso ɗalibai talatin da takwas, da la'asar ta mayar da su. Kafin zuwanta yaran kwari sukan yi rajista da kaka, ana fara ruwan hunturu sai a neme su a rasa, domin babu motar haya da ke sauka can, kuma babu uban da zai bar 'yarsa ta tsaya a bakin babbar hanya tana ɗaga wa baƙi hannu. Tun da motar ta fara aiki, mutum biyu kawai suka bar karatu.

Yana riƙe da takardar Rahaf ta leƙo. Ɗalibar aikin jinya ce a shekara ta biyu, sati goma sha ɗaya ya rage mata ta zauna jarrabawar ƙarshe.

"Ustaz, wai gaskiya ne abin da ake faɗa a mota?"

"Me ake faɗa?"

"Wai Alhamis ta sama ita ce ta ƙarshe."

Ya kife takardar a kan tebur. "Ana kan magana, Rahaf. Ki je aji."

"Baba ya ce in babu mota babu karatu. Ba mugunta ba ce, Ustaz, ka san shi. Ya ce da tumakinsa na da taya da tuni ya ɗaura wa ɗaya sirdi ya ba ni."

Ta yi dariya, amma dariyar ba ta daɗe a fuskarta ba. Ta ɗan jira ko zai ƙara wani abu. Da ta ga bai ƙara ba ta ja ƙofar a hankali.

Ya hau sama wurin shugabar kwalejin, Dakta Sawsan. Ta same shi yana kai da kawo a gaban teburinta tun kafin ta gama waya.

"Nidal, zauna don Allah, kana sa ni jiri." Ta cire tabarau ta murza ido. "Jiya awa uku na yi ina faɗa da 'yan majalisar kwaleji. Na samo maka albashin direba, na samo gyara. Motar dama tamu ce. Mai ne babu. Babu gurbinsa a kasafin bana, kuma ba ni da ikon ƙirƙiro shi."

"To ya za a yi, Dakta?"

"Ka samo mai, ni in riƙe direba. In ba ka samo ba, sun ce motar ta koma kai ma'aikata taro a Amman, babban birni." Ta dube shi da tausayi. "Ka ci wani abu yau kuwa?"

Bai ci ba. Ya sauko ya nufi inda ake ajiye motar, ya tarar da direban, Abu Mishal, yana goge gilashi da tsohuwar jarida. Tsohon soja ne, dogo, gashin bakinsa fari fat, kuma a danginsa ba a yanke magana sai an jira shi. Ya saurari Nidal har ƙarshe bai daina gogewa ba.

"Abu Fawwaz," ya ce. "Gidan mai biyu gare shi a kan hanyar Karak. Abin da motar nan ke sha a wata, shi a ƙasa yake zubewa bai sani ba."

"Na rubuta masa wasiƙa har sau biyu, Baffa."

"Wasiƙa!" Abu Mishal ya juyo. "Mutumin da ko katin ɗaurin aure sai an karanta masa? Ɗana, irin wannan ba a aika masa takarda. Tawaga ake haɗawa a je. Zan kira iyayen yaran, mutum biyar ko shida masu furfura. Mu shiga, mu zauna. A zubo gahawa, a miƙo mini, in ajiye ta a ƙasa ban sha ba. Shi ke nan, ya san da buƙata muka zo. Ba zai bari ta huce a gabansa ba, don gobe duk lardin nan za a ce an tashi daga gidan Abu Fawwaz gahawa na ƙasa. Dole ya ce mu sha, abin da muka zo nema mun samu."

"Na san wannan, Baffa. Ni ma ɗan ƙasar nan ne."

"Ɗan Amman ne kai. Ku can a kofin takarda kuke shan gahawa kuna tafiya, kamar waɗanda aka biyo. Kai dai ka sa kwat ɗinka mai kyau, ka zauna, ka yi shiru. Magana tawa ce."

Kwana huɗun da suka biyo baya Nidal bai zauna wuri ɗaya ba. Ya haɗa fayil mai kauri irin wanda ya saba aika wa ƙungiyar: yawan waɗanda suka shiga, yawan waɗanda suka gama, zane mai launi da ke hawa sama. Ya buga, ya ga kuskure, ya sake bugawa. In ya zauna cin abinci sai ya ga fuskokin yaran suna saukowa daga motar da safe, kowa da ledar burodi da garin za'atar na barbaɗawa, sai ya ture kwanon. Matarsa ta ce ko a barci leɓɓansa motsi suke yi.

Ranar Asabar da hantsi suka tafi, su bakwai, a cikin bas ɗin kanta. Iska mai sanyi na kaɗa itatuwan zaitun a gefen hanya. Dattawan sun sha manyan alkyabbu da jan rawani, mahaifin Rahaf har da sandarsa. Nidal ne kaɗai da kwat, fayil a kan cinya.

Abu Fawwaz ya tarbe su tun daga ƙofa. Gajere ne mai ƙiba, idonsa ƙanana masu dariya, ya rungumi kowa ya sumbace shi a kumatu yana kiran sunan kakansa. Zauren baƙinsa dogo ne, katifu a jere jikin bango, murhun gas na ci a tsakiya. Abu Mishal ya nufi wurin zaman da ke daman mai gida, inda mai magana ke zama, amma Abu Fawwaz ya riga ya kamo hannun Nidal.

"A'a, Ustaz a nan zai zauna kusa da ni. Ku kullum ina ganinku, har na gaji da gashin bakin Abu Mishal. Mutumin kwaleji kuwa yau ya fara taka gidana."

Babu yadda za a yi a ƙi. Nidal ya zauna. Ya hangi Abu Mishal can wuri na uku yana zaro masa ido, yana nuna ƙasa da yatsa. Ya gyaɗa kai. Ya gane. Finjalin farko wurinsa zai zo, ya karɓa, ya ajiye, Abu Mishal ya ɗauki magana. Abu ne mai sauƙi. Ya maimaita a ransa sau uku.

Fawwaz, babban ɗan gidan, wanda shi ma furfura ta fara fito masa, ya shigo da butar gahawa a hannun hagu, finjalai a dama. Ya tsiyaya kaɗan, ya ƙwanƙwasa bakin butar a jikin finjalin, ya miƙa. Nidal ya karɓa da dama. Ƙamshin ya bugi hancinsa.

"Ɗan wane gida ne kai, Ustaz?" in ji Abu Fawwaz, ya dafa masa gwiwa.

Ya faɗi sunan gidansu.

"Kai! Ba ku ne kuke da tela a bayan tsohuwar tashar Amman ba? Wani siriri mai tari?"

"Mahaifina ne. Ya rasu shekara shida ke nan."

"Allah ya jiƙansa! Shi ya ɗinka mini kwat ɗin da na yi aure da shi. Ya matse ni a hammata, amma na yafe masa. Mahaifiyarka fa, tana nan?"

Nidal ya buɗe baki zai amsa, ya ji maƙogwaronsa a bushe ƙayau, murya ta ƙi fita. Bai yi tunanin komai ba. Hannun ne ya tashi da kansa, kamar yadda ya saba tashi tun yana yaro duk lokacin da babba ya miƙo masa abu a gidan mutane. Kurɓi ɗaya ne dama a ciki. Ya haɗiye, ya ce, "Tana nan lafiya, alhamdu lillahi," har ya girgiza finjalin alamar ya ƙoshi, ya miƙa wa Fawwaz.

Sai da ɗacin ya sauka a ƙirjinsa ya san abin da ya yi.

Mahaifin Rahaf ya ɗaga kai yana kallon rufi. Abu Mishal ya rufe ido, leɓɓansa na motsi, ko salati yake ko zagi, Allah kaɗai ya sani. Fawwaz ya tsaya da finjalin a hannu yana duban ubansa.

Abu Fawwaz ya yi murmushi mai faɗi, ya jingina da matashi.

"Lafiya da ƙoshin lafiya, Ustaz! Ashe ziyara ce kawai. Wallahi da na ga alkyabbu shida sun sauko daga mota, sai da gabana ya faɗi, na ce yau kuma me na yi. Fawwaz, zuba wa baffanninka, kada ta huce."

Tunda na farko ya sha, babu mai ikon ajiyewa. Ɗaya bayan ɗaya dattawan suka karɓa suka sha, kowa kamar magani yake haɗiya. Daga nan hira ta koma kan ruwan sama da ya yi jinkiri, da tsadar sha'ir, da wani ɗan'uwan mai gida da aka yi wa aikin ido. Abu Fawwaz ne ke jan hirar, yana ba da labari yana tafa hannu. Nidal na zaune, fayil ɗin ya zame ya faɗi gefen katifa bai ɗauka ba. Yana jin agogon bango na tafiya. Alhamis saura kwana biyar.

Da azahar aka shigo da mansaf a manyan tire, shinkafa da naman rago, ana kwarara romon madara a kai. Aka tsaya a kewaye, hannun hagu a baya. Abu Fawwaz da kansa yake yagar nama yana turawa gaban Nidal.

"Ci, Ustaz, ci. Ko a kwaleji sun hana ku cin abinci da hannu?"

Ya dunƙula loma biyu da ƙyar. A wurin wanke hannu Abu Mishal ya matso kusa da shi, murya ƙasa-ƙasa.

"Ka kashe mu, ɗan Amman. Abu ɗaya aka ce ka yi. Ko jaki aka ce kada ya sha, zai ɗan yi jinkiri."

"Baffa, ka yi masa maganar haka nan."

"Bayan mun sha gahawarsa mun ci namansa? In buɗe baki in yi roƙo kamar mai bara? Ba da ni ba. Yau magana ta mutu. Sai nan da wata guda a sake haɗa tawaga, in mutanen nan sun yarda su sake biyo ka."

"Wata guda? Baffa, in yaran nan suka yi wata guda a gida, rabinsu ba za su dawo ba."

Abu Mishal ya goge hannu a tawul ya wuce.

Aka yi sallama a ƙofa, aka sake rungume-rungume. Dattawan suka fara hawa mota, ba mai kallon Nidal. Ya sa ƙafa ɗaya a matakala, sai ya tsaya. Ya sauko, ya koma inda Abu Fawwaz ke tsaye yana sakace.

"Baffa, ina da magana."

"Ka manta wani abu ne? Ga littafinka can Fawwaz ya tsinto."

"Ba shi ba ne. Baffa, ba ziyara muka zo ba. Ni na ɓata. An ce in ajiye, na sha. Laifina ne, ba na dattawan nan ba." Duk abin da ya haddace na kwana huɗu ya gudu, sai abin da ya rage. "Motar nan yara talatin da takwas take ɗauka. Ranar Alhamis man ta zai ƙare, waɗanda ke saya sun tafi. Kwaleji ta ɗauki direba da gyara, mai ne babu. Akwai wata yarinya, ga mahaifinta can mai sanda, sati goma sha ɗaya ya rage ta zama ma'aikaciyar jinya. Ban san wurin wanda zan je ba bayan kai. Shi ke nan maganar."

Abu Fawwaz ya cire tsinken daga baki. Dariyar idonsa ta ragu. Ya daɗe yana kallon motar, da fuskokin da suka manne a gilashi.

"Ka ɗauka ban san abin da ya kawo ku ba? Tun shekaranjiya na sani. A garin nan ko kaza aka yanka sai na ji." Ya numfasa. "Da ka ajiye finjalin nan, Ustaz, da ka ɗaure ni. Abin da Abu Mishal ya nema, ko na shekara ne ko na biyu, dole in ce ku sha, in shiga ciki in ciji yatsa. Na zaunar da kai kusa da ni ne don in ga irin mutumin da aka ba yaranmu. Ban zaci za ka sauƙaƙa mini haka ba."

Nidal ya sunkuyar da kai.

"To yanzu ba tawaga, ba gahawa. Ni da kai ne, kuma abin da na ga dama shi zan yi." Ya ɗaga yatsa ɗaya. "Zan ba da mai har ranar da za a gama jarrabawa. Abu Mishal ya riƙa zuwa gidan man da ke kan kwana, zan gaya musu. Amma motar za ta riƙa hawa ƙauyen Umm Sidra, can kan tudu. Akwai 'ya'yan masu yi mini kiwo su biyu a kwalejinku, awa guda suke yi a ƙafa kafin su sauko titi."

Nidal ya san su. Sunayensu ne suka fi yawa a takardar waɗanda ba su zo ba.

"Za ta hau, Baffa. Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara arziki." Ya ɗago kai. "Bayan jarrabawa fa?"

"Bayan jarrabawa Allah na nan. Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Je ka, suna jiranka."

Sai da suka hau kwalta Nidal ya faɗa musu. Mahaifin Rahaf ya buga sandarsa a ƙasan motar, ya ce alhamdu lillahi har sau uku. Abu Mishal kuwa bai juyo ba.

"Umm Sidra!" ya ce wa gilashi. "Ka san hanyar Umm Sidra kuwa? Akuya ma sai ta yi addu'a take hawa. Tayoyin nan wata biyu ba za su yi ba. Kuma sai in fita tun kafin a kira salla. Shekara biyu na so in nema, na riga na shirya maganar, har da baitin da zan rufe da shi. Ka mayar mana da ita sati goma sha ɗaya."

"Na sani, Baffa."

"Amma dai ka koma ka yi magana. Wannan ban zata ba."

Can daga kujerar baya wani dattijo da bai ce uffan ba tun safe ya yi gyaran murya. Ɗansa na koyon aikin lantarki.

"Ustaz, nawa yaron fa? Shi shekararsa ta farko ke nan. Da kaka wa zai kai shi?"

Nidal ya juya ya dube shi. Sauƙin da ya fara ji a ƙirji ya koma inda ya fito. Ya so ya ce kada ya damu, bakinsa ya ƙi.

"Ban sani ba tukuna, Baffa. Zan nema."

Dattijon ya gyaɗa kai a hankali, ya mayar da ido kan taga. Motar ta fara gangara kwari, Abu Mishal ya sauya giya. Nidal ya matso kujerar da ke bayansa, ya sunkuya kusa da kunnensa.

"Baffa, ban da Abu Fawwaz, akwai wani a lardin nan da za a iya kai wa tawaga kafin kaka?"

Abu Mishal ya shafa gashin baki, ya kauce wa wani rami.

"Akwai mai injin matsar zaitun a hanyar kudu. Mutum ne mai wuya, sai an fara bin ƙanensa tun yanzu." Ya kalle shi ta madubi. "Ranar da za mu je, kai a mota za ka zauna."